Darin Dutsen Bagazam da Hatsin Ƙasar Mayahi

Yau ina so mu yi magana a kan wani sanyi da ya fi namu, wanda ke cikin ƙasarmu ta Nijar, amma da wuya a ji an ambace shi a aji. Bisa Dutsen Bagazam, a ƙasar Abzin, akwai ƙauyukan da ruwa kan kwana a kwano a watan Janairu ya wayi gari ya daskare. Mutanen waɗannan ƙauyuka da maƙwabtansu na Timiya sun daɗe suna saukowa ƙasar Hausa da raƙumansu, har da yankinmu na Tasawa da Mayahi, tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Zuwansu da komawarsu ba da ka ake yi ba. Zafi da sanyi ne suka yanka musu lokacin tashi da lokacin sauka, kuma wannan lissafi ne ya ɗaure rayuwarsu da tamu shekaru aru-aru.

Ni mutumin Alasan Mairairai ne, a arewacin Mayahi. Sunan garin ma ya faɗi halinsa: rairayi ne ko'ina, sai kalgo da sabara da gawo, sai goruba idan an gangara Gulbin Kaba. Yaronmu yana iya girma har ya yi aure bai taɓa ganin dutsen da ya fi rumbu tsawo ba. Saboda haka bari mu fara da kwatanta wurin.

Inda dutsen yake, da dalilin sanyinsa

Bagazam yana arewa maso gabas da Agadas, kimanin kilomita 400 daga wurinmu idan aka bi miƙe. Wani ƙaton tudu ne na dutse mai shimfiɗaɗɗen kai, tsawonsa wajen kilomita 40, faɗinsa wajen 20. Filin da ke samansa ya haura mita 1,500 daga gaɓar teku, ƙololuwarsa kuwa, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2,022. Babu wurin da ya fi ta tsawo a Nijar baki ɗaya. Ƙasarmu ta Mayahi da Tasawa tana wajen mita 400 ne kawai. Ana hawa dutsen ta ƙananan hanyoyi masu tsauri, da ƙafa ko da jaki, a saman kuma akwai idanun ruwa da garake da ƙauyuka, daga cikinsu akwai Bagzan-n-Ammas. Timiya tana arewa da dutsen, cikin wani kwari, ita ma a kan tudu sosai idan aka gwada ta da Agadas, wadda ke wajen mita 500.

Abu uku ne suka haɗu suka yi wannan sanyi. Na farko tsawo. Masana yanayi sun auna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a ma'aunin Selsiyus, domin iskar sama ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, ba ta kuma riƙe ɗumi kamarta. Tsakanin gonakinmu da filin saman Bagazam akwai fiye da mita 1,100, wato ragin digiri 7 ke nan tun ba a je ko'ina ba. Tsakaninmu da ƙololuwar kuwa ragin ya kai digiri 10.

Na biyu bushewar iska. Gajimare da laima kamar bargo suke ga ƙasa, suna tare ɗumin da ta sha da rana kada ya tsere da dare. A Abzin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sama tana nan wasai, iska kuma ƙamas. Da rana ta faɗi sai dutse ya saki zafinsa gaba ɗaya. Iska mai sanyi ta fi nauyi, sai ta gangaro ta kwanta a cikin kwari da ramuka, daidai inda garake suke. Shi ya sa mai garka ya fi makiyayin da ke gefen dutse tsoron daskarewar raɓa.

Na uku nisa zuwa arewa. A lokacin dari rana tana karkata kudu, dare ya ƙara tsawo, kuma duk yadda aka matsa arewa abin ƙaruwa yake. Iskar hunturun da ke iso mu da hazo ta can take fara bi.

Ga misali da lamba. A Maraɗi, a watan Janairu, asuba takan kai wajen digiri 13, tsakar rana wajen 30. A Agadas asuba takan sauko zuwa 11 ko 12, rana ta tsaya wajen 28. Wanda ya cire rabon tsawo daga waɗannan zai ga asubar Bagazam ta faɗo ƙasa da digiri 6, kuma a daren da iska ta kwanta sama ta yi tas, sai ta taɓa sifiri ko ta wuce shi. Amma da hantsi rana ta fito da ƙarfinta, mutum ya tuɓe bargo. A yini guda ana iya samun tazarar kusan digiri 20 tsakanin asuba da azahar. Wannan hawa da sauka shi ne ainihin halin wurin.

Lokuta huɗu a can, lokuta huɗu a nan

Abzinawa sun raba shekara gida huɗu, kuma rabonsu ya yi kusa da namu. Tagrest shi ne dari, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Awelan shi ne bazara. Akasa ita ce damina, lokacin ɗanyen haki. Gharat kuwa shi ne ɗan zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, wanda mu muke sha a lokacin kaka, muna yankan hatsi gumi na zuba.

Bambancin yana wajen tsawon kowane lokaci. A wurinmu zafi ya fi tsanani a Afrilu da Mayu, sa'annan ruwan Yuni ya karya shi. A Agadas ruwa ba ya isa sai Yuli ko Agusta, saboda haka Mayu da Yuni ne watannin wuta, ana haura digiri 41. A wannan lokaci saman Bagazam yakan zama wurin hutu, don ragin nan na tsawo yana aiki da bazara kamar yadda yake aiki da dari. Daminarsu gajera ce, ruwanta kaɗan, bai kai rabin namu ba, amma idan ya sauka kan dutse ba ya nutsewa, sai ya taru ya cika ƙoramu ya gangaro da ƙarfi, ya shayar da ƙasan kwari inda rijiyoyin garake suke.

Sanyin nan dukiya ne ga mai garka. Alkama da sha'ir ba su yi sai da dari, shi ya sa ake shuka su a Nuwamba a yanke kafin zafi ya kama, kamar dai yadda manoman alkama ke yi a Kadawa ta ƙasar Kano. Dankalin Turawa da tafarnuwa na Bagazam sun yi suna a kasuwar Agadas, da jakuna ake sauko da su daga dutse. Albasar Tabelot, a gindin dutsen, tana cika manyan motoci. Timiya kuwa ta shahara da lemo da rumman. Da bazara sai a juya zuwa masara da ɗan hatsi. Tun da can da sa ko raƙumi ake jan guga daga rijiya ana ban ruwa, yanzu injin ya karɓi aikin a garake da yawa.

Sai dai akwai abin da dutse bai iya ba su ba. Abincin Ba'abzine na kullum hatsi ne: tuwo, kunu, da wata irin fura da suke damawa da dabino da cuku, wadda suke kira eghajira. Garakensu ba su taɓa noma hatsin da zai ishe su ba. Kuma idan rani ya yi nisa, ciyawar kwarurukansu tana iya riƙe awaki, amma ba ta iya riƙe dubban raƙuma. Hatsi da kiwon rani suna kudu, a wurinmu. A nan tarihin ya ƙullu.

Tsohuwar dangantaka

Abzin ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Gobirawa, waɗanda jikokinsu ke da yawa a ƙasar Mayahi, suna riƙe da labarin cewa kakanninsu a Abzin suka zauna kafin su yiwo kudu zango-zango, ta Birnin Lalle a ƙasar Dakwaro ta yau, har zuwa Alƙalawa, daga baya kuma Tsibiri. Masanin tarihin nan na ƙasarmu, Djibo Hamani, ya yi dogon bincike a kan wannan zamani a littafinsa na tarihin sarautar Abzin, wanda ya fito a 1989. Sarautar Sarkin Abzin ta kafu a farkon ƙarni na 15, daga baya ta zauna a Agadas. A ƙarni na 18 ƙabilar Kel Ewey ta yi rinjaye a tsakiyar duwatsun, Kel Geres kuma suka sauko suka zauna wajen Adar da Gobir Tudu, ba su kuma bar fataucin gishiri ba. Mutanen Timiya da Bagazam na yau daga Kel Ewey suke.

Harshenmu ya ajiye shaidar wannan cuɗanya. Dokin da sarakunan Hausa suka fi so shi ne ɗan Azbin, kuma a cikinsu babu kamar bagazam, wanda sunan dutsen ne ya bi shi. Gishirin Bilma mu balma muke ce masa. Su kuma Abzinawa jagoran ayarinsu madugu suke kiransa, da kalmarmu. Baƙin rawanin da Ba'abzine ke rufe hanci da baki da shi saboda jaura da ƙura, a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga shi har ya yi ƙyalli.

Dutsen ya kuma zama mafaka a lokacin yaƙi. Tsofaffin Abzin suna ba da labarin wata shekara da rundunar Barno ta kewaye Bagazam ta daɗe, har abinci ya kusa ƙare wa na sama. Wai sai suka ɗura wa raƙumi sauran hatsin da ya rage suka koro shi ƙasa. Da Barebari suka yanka shi suka ga cikinsa cike da tsaba, sai suka ce mutanen da ke ba dabba hatsi ba yunwa za ta sauko da su ba, suka naɗe kayansu suka tafi. Labarin baka ne, amma ya nuna abin da mutanen dutse suka fi sani game da kansu: ruwa suna da shi, tsaro suna da shi, hatsi ne rauninsu.

Yadda sanyi ya tsara tafiyar ayari

Tafiyar tana da ƙafa uku, kowace da lokacinta. Ƙafa ta farko daga Abzin zuwa Bilma, a ƙasar Kawar, tazarar fiye da kilomita 500, mafi yawanta cikin Tenere inda babu haki babu itace. Ana tashi a watan Oktoba, kuma dalilan a fili suke. Raƙuma sun ci ɗanyen damina sun yi tozo. Ciyawa ta bushe, ana iya yanka ta a ɗaure dami-dami a ɗora, don ita dabbobi za su ci a hanya zuwa da dawowa. Dabinon Kawar ya nuna. Zafin Tenere ya fara sauka, dari mai tsanani kuma bai kama ba tukuna. Idan aka yi sammako da wata guda zafi ya kashe dabbobi, idan aka makara kuma a dawo cikin jaura da raƙuma ramammu. Ana kai hatsi da cuku da busasshen nama da kayan garka, a karɓo kantu da beza da dabino. Zuwa da dawowa yakan ci wata guda da ƴan kwanaki. A farkon ƙarni na 20 Faransawa sun ƙirga ayarin da ya kai raƙuma 20,000.

Ƙafa ta biyu daga Abzin zuwa ƙasar Hausa. Bayan ɗan hutu a gida, sai a ɗaura wa raƙuma kaya a nufo kudu wajen Disamba, ta Damargu, wasu su yi Damagaram, wasu Tasawa da Mayahi da Maraɗi, wasu har Katsina da Kano. A daidai wannan lokaci mun gama kaka. Damma suna cikin rumbu, hatsi yana arha, gonaki sun zama fili, ga kara ga harawa. Dabbobinmu sun bar ɗanye sun koma busasshe, suna neman gishiri. Ga shi kuma sanyin safiya yana ba raƙumi damar doguwar tafiya ba tare da yawan shan ruwa ba.

Ƙafa ta uku komawa gida. Suna zama a kudu watanni, suna bin kasuwanni, raƙuma na kiwo, har zafi ya kama. Kafin ruwan shuka ya sauka dole su bar gonaki, sai su ɗaure taikunan hatsi su yi arewa, su isa gida su tarar da damina tana shirin sauka a can. Daga cikin hatsin nan iyali za su ci, a kuma ware wanda za a kai Bilma a Oktoba mai zuwa.

Ku lura da abin da wannan lissafi ya haifar. Watannin da sanyi ya fi tsanani a Timiya da Bagazam, mafi yawan maza majiya ƙarfi ba su gida, suna gonakinmu. Waɗanda ke shan darin dutse su ne mata masu kiwon awaki, da tsofaffi, da yara, da masu garka da ke gadin alkama. Bajamushen nan Gerd Spittler, wanda ya yi shekaru yana zuwa Timiya yana zama da mutanenta, ya rubuta da yawa a kan wannan rabon aiki da yadda gida ke tsayuwa a hannun mata rabin shekara.

Akwai shaidar gani da ido tun 1850. A shekarar ne Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Abzin daga Tarabulus tare da Richardson da Overweg. Sun sauka a Tintellust wurin wani shugaban Kel Ewey mai suna Annur. Barth ya leƙa Agadas a Oktoba, ya dawo, sa'annan dole suka zauna jiran ayarin Bilma, don babu mai tafiya kudu sai da shi. Sun tashi a Disamba, suka bi ta gindin Bagazam, Barth yana auna sanyin asuba yana rubutawa, yana kuma kuka da shi. Sun iso Damargu a Janairun 1851, nan suka rabu. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir. Barth ya lura cewa Kel Ewey suna jin Hausa kamar harshensu. Wato Turawan da suka zo da kuɗin gwamnatin Ingila ma sai da suka bi kalandar gishiri.

Ni ma na riski ƙarshen wannan zamani. Ina yaro akwai wani dattijon madugu da ke sauka gonar kakanmu duk shekara bayan an kwashe kara. Babu takarda tsakaninsu. Raƙumansa su kwana a gonar su zuba taki, kakanmu ya ba shi damman hatsi, ya bar shi ya sha a rijiya, shi kuma ya ajiye mana kantu da ɗan dabino. Da dare muna kewaye da wutar kara muna rawar ɗari, shi yana dafa shayi yana yi mana dariya, yana cewa namu sanyin na wasan yara ne, a garinsu sai an kai salka kusa da wuta kafin ruwa ya zubo. Idan shekara ta yi kyau a yi ciniki, idan ta ɓaci a yi wa juna lamuni zuwa baɗi. Gonar da raƙuma suka kwana a kai kuwa, da damina ba sai an nuna maka ita ba. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa, kuma waɗannan mutane da ƙafa suke taka ɗaruruwan kilomita su sada shi.

Shekarun da lissafin ya karye

Sau uku a ƙarni na 20 wannan tsari ya yi mummunar girgiza. Na farko yaƙin Kawsan. A Disamban 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, har zuwa Maris 1917 da dakaru suka zo daga Damagaram suka karya kewayen. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni. An kashe mutane da yawa har da malamai, an ƙwace raƙuma, an kuma kwashe jama'ar duwatsu an koro su kudu. Garake suka bushe, tsohon garin Asode ya zama kufai. Kawsan ya mutu a Fezzan a 1919, Tagama ya mutu a kurkuku a 1920. Turawan da suka ratsa Abzin jim kaɗan bayan haka, irin su Angus Buchanan a 1920 da Francis Rodd a 1922, sun tarar da ƙauyuka da yawa babu kowa. Wasu daga cikin waɗanda aka koro ba su koma ba, jikokinsu suna Damargu da ƙasar Kano, sun zama Hausawa.

Na biyu farin 1973 da 1974, wanda ya kashe raƙuma ba adadi. A 1973 ne kuma mota ta kaɓe itacen nan tilo na Tenere, wanda ayarin Fashi ke yin alama da shi. Gangarsa tana gidan tarihi na Yamai. Na uku farin 1984, wanda mu a nan muke kira El Buhari, don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A shekarar rumbunanmu ma wayam suke. Mai gishiri ya sauko bai sami hatsin saye ba, bai sami karan da dabba za ta ci ba. Yunwarmu ta hau dutse ta same su a gida. Spittler yana Timiya a lokacin, ya kuma rubuta littafi a kan yadda suka fuskanci abin.

Bayan haka duniya ta sauya. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka shiga ɗaukar gishiri da hatsi, ba ruwansu da tozon raƙumi ko busasshiyar ciyawa. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun tsayar da zirga-zirga a duwatsun. Tun 2014 zinariyar Jado ta janye samari da yawa. Duk da haka ayari bai mutu ba. Ya ragu ƙwarai, amma har yanzu akwai masu tashi a Oktoba su sauko a Disamba.

Abin da ya shafe mu yau

A gefenmu ma ƙasa ta ƙuntata. Dokar 1961 ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Jama'a ta ƙaru, saura ta ɓace, burtali ya tsuke. Kara da harawa, waɗanda da ake bar wa baƙo kyauta, yanzu kaya ne na sayarwa, ana kwashe su a ɗora bisa itace. Saboda haka ranar sakin gonaki, wadda hukuma ke tsaidawa kowace shekara bisa dokar ƙasa ta 1993 da dokar kiwo ta 2010, ta zama ranar da rai ke iya salwanta a kanta. Mai raƙumi ya iso bisa lissafin kakansa ya tarar da wake bai gama bushewa ba. Mai gona ya ga dabba a bakin gonarsa ya ɗauko sanda. Yaron da ya taso bai san komai game da kantu da taki ba, abin da zai gani kawai shi ne baƙo mai rawani ya zo cin amfanin ubansa. Wanda ya san tarihin zai tsare gonarsa, amma zai san da wa yake magana, zai kuma nemi mai gari da kwamitin ƙasa kafin ya nemi makami.

Ga malamai, wannan darasi ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A sami ma'aunin zafi guda a rataye a inuwa a bayan aji. Yara su riƙa karantawa da ƙarfe takwas na safe da kuma tsakar rana, su rubuta a allo, daga Oktoba zuwa Yuni. A ƙarshen shekara su zana layin da kansu, su ga gangarowar Janairu da hawan Afrilu. Sa'annan a ba su tsawon Agadas da na Bagazam su yi lissafin ragin digiri 6 da rabi. Lissafi ya shigo, labarin ƙasa ya shigo, tarihi ya shigo. Kafin a koya musu sunayen lokutan Faransa, a tabbata sun iya jera bazara, damina, kaka da dari, sun kuma san aikin kowane. A gayyato dattijon da ya san fitowar kaza da ƴaƴanta, ko malamin hisabi da ya san taurari 28 masu kwana 13 kowane, ya yi musu bayani. Idan kuma Allah ya kawo mai gishiri kasuwa, a roƙe shi ya shigo aji ya faɗi kwana nawa ya yi a hanya da abin da ya gani. Gani ya kori ji.

Ga iyaye kuma, darin namu bai kai na dutse ba, amma ya isa ya kwantar da yaro. Ɗan da ya fito da asuba da riga ɗaya ya zauna a ƙasa cikin ajin zana, iska na ratsa shi, ba karatu yake ba. Tari da ciwon haƙarƙari a wannan lokaci suke kama ƙanana, sanƙarau kuma ya biyo bayan hazo. A sa musu rigar sanyi ko ta gwanjo ce, a shafa musu mai, su sha kunu mai zafi kafin su fita, a kuma kula da wutar jin ɗumi kusa da zana da kara. Samarinmu masu tafiya arewa neman zinariya su ma a faɗa musu gaskiya: Sahara da suke ji ana cewa wuta ce, da dare a Janairu a bayan buɗaɗɗiyar mota sanyinta yana iya kisa. Madugan da sun san haka, shi ya sa ba su tashi sai da bargo da rawani da itacen wuta a kan raƙumi.

Allah ya ba mu dari mai albarka, ya tsare mana yaranmu, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya. Wanda a garinsu har yanzu masu gishiri ke sauka, ina roƙonsa ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta abin da suka sani tun suna raye.